Abin da Baba Ke Ci a Bayan Ƙofa

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanen gidan. Na san sai ka juya ambulan ɗin sau biyu kana tambayar wace ce kuma wannan. Ni ce Auta, 'yar abokin wasanka Mai Agogo. Rabona da kai tun ina aji uku, ga shi yanzu ni ce ke koya wa 'yan aji uku kimiyya. An ce kunne ya yi maka nauyi, waya kuma ka ce ba ka son abin da zai riƙa yi maka ihu a aljihu, shi ya sa na nemi biro da takarda.

Mun ga saƙonka na ta'aziyyar Mama, mun gode, Allah ya bar zumunci. Yau wata huɗu ke nan. Baba lafiyarsa ƙalau in ban da gwiwar nan tasa ta hagu. Tun bayan rasuwar ya dawo wurina, muna zaune a ɗakuna biyun da makaranta ta ba ni, kuma zaman nan ne ya jawo abin da ya sa na rubuto maka.

Ban sani ba ko ka san yadda gidanmu yake. Tun da na buɗe ido Baba ba ya cin abinci tare da mu. Mama ce ke shirya tire da kanta, ta rufe da farin ƙyalle, ta shiga ɗakinsa ta turo ƙofa. In sun gama ita ce ke wanke kwanukan, ko cokali ba ta bari mu taɓa. Mu kuwa mun ɗauka girma ne kawai irin na iyaye maza. Shekarata talatin da biyu, Kawu, ban taɓa ganin mahaifina ya kai loma baki ba sai bana.

Safiyar farko na ajiye masa shayi da burodi da ayaba biyu. Ya duba, ya ce, "Auta, babu kifin gwangwani?" Na ce akwai, na kawo masa. Ya buɗe, ya ɓare ayaba ya jefa a ciki, ya sa cokali mai yatsu ya murƙushe su har da man, ya shafa a burodi ya ci abinsa hankali kwance. Na tsaya da butar shayi a hannu kamar an dasa ni. Da rana ya farfasa biskit mai zaƙi a kan shinkafa da miyar tumatir. Washegari ya yanka ɗanyar albasa a burodi ya barbaɗa mata sukari. Shayinsa kuwa sai da garin barkono. Kuma ba ya cin faranti yadda kowa ke ci: daga sama yake farawa, inda ƙarfe goma sha biyu take a fuskar agogo, ya bi ta dama har ya zagayo.

Ni abin mamaki ya ba ni, har nakan ƙosa lokacin abinci ya yi in ga me za a haɗa yau. Yaya kuwa tsoro ya ba shi. Ka san aikinsa a kamfanin kwalabe, tsayawa yake ya ware duk kwalbar da bakinta ya karkace. To haka ya mayar da Baba. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗauki hoton farantin da wayarsa, yanzu hotunan sun fi talatin. Ya ce gigin tsufa ne ya fara, irin wanda kan biyo bayan babban rashi. Sau ɗaya ya tambayi Baba dalili, Baba ya ce, "Haka na ga dama," Yaya ya rubuta wannan ma. Makon jiya ya karɓe mabuɗin shago, wai mutumin da ke zuba wa albasa sukari bai kamata a ba shi agogon mutane ba. Ya kuma karɓo ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ashirin ga watan jibi. Idan likita ya tabbatar, zai mayar wa mai gida shagonsa, ya tafi da Baba can wurinsa, a bene hawa na bakwai, inda bai san kowa ba.

Mama ta taɓa ce mini kun yi shekara shida a ɗaki ɗaya kafin aurensu. A duniya yanzu kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ci abinci da shi. Don Allah ka gaya mini: haka yake ci tun da, ko sabon abu ne? In kana tuna irin haɗe-haɗen, ka jero mini su in gwama da abin da muke gani.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Lafiya lau muke, sai dai idona na dama da ya yi yana. Da na hagu nake karatu, shi ma sai na kai takarda bakin taga. Na gane ki sarai. Ke ce mai kukan nan da ba ta yin shiru sai an ba ta murfin tukunya ta buga.

Na karanta sau biyu, kuma sau biyun raina ya ɓaci. Wato shaida kuke nema. Yayanki ya tara hotuna, ke kuma an ce ki tara rubutu, a je a baza wa likita a kan tebur a ce ga shi har ɗan'uwansa ya tabbatar. "Ka jero mini su in gwama." Ni za ki sa in jera wa Gwangwani laifi? Eh, Gwangwani muke ce masa tun kafin ya san yadda ake buɗe bayan agogo, kuma ba zan gaya miki dalili ba.

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaukar ƙarfen da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya sa shi daidai mazauninsa, shi ne yau za a ce hankalinsa ya taɓu saboda ayaba? Ayabar wa ya ci? A cikin wa ya zuba? Ku da kuke kwankwaɗar baƙin lemun kwalban nan mai tafasa a maƙogwaro, wa ya kai ku likita? Ki gaya wa mai kwalabe ya mayar wa ubansa mabuɗi. Da ina da ƙafa da ido da na zo na karɓa da kaina, in ga ko ni ma zai ɗauke ni hoto.

Abin da kika tambaya kuwa, ko ina so ba zan iya ba. Na yi wa mahaifiyarki alkawari tun kafin a haifi yayanki, cewa abin da mijinta ke ci ba zai fito daga bakina ba. Ta riƙe nata har ta koma ga Allah. Ba zan saki nawa don ƙasa ta rufe mata ido ba.

Ki gaishe shi. Ki ce masa agogon da ya gyara mini har yau yana gudu da minti biyu, amma na yafe masa.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Allah ya ba idon lafiya. Mu ma muna nan ƙalau, yara sun fara jarrabawa, kaina kamar ya rabu biyu.

Wallahi ka ba ni haushi, sai da na yi hawaye a ɗakin malamai. Ba Yaya ne ya sa na rubuto maka ba, bai ma san na yi ba. Ni shaidar da nake nema ta wanke Baba ce. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ni kaina ban san gaskiyar ba. In tsohon hali ne, ina so in sani in tsaya masa. In kuma ciwo ne ke shigowa, shi ma gara in sani da wuri. Gwamawar da nake nufi ke nan.

Na isar da saƙon agogo. Ya yi dariyar da ban ji ba tun rasuwar, ya ce in gaya maka agogon lafiyarsa lau, kai ne kullum a makare da minti biyu. Da na ce kana gaida Gwangwani, sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Me kuma ya gaya miki?" Na ce ba komai. Ya ce, "Madalla."

Ka san malamar kimiyya ba ta ganin abu ta ƙyale. Ranar Asabar na rufe kaina a kicin na haɗa ayaba da kifin nan. Lomar farko na nufi wurin wanke-wanke da gudu. Ta biyu na daure. A ta uku, Kawu, sai na ji gishirin kifin ya danne zaƙin ayabar, ita kuma ta kashe masa ƙarni. Na cinye tas, na tsaya ina jin kunyar kaina. Albasa da sukari ma ba laifi in an bar ta minti biyar ta yi ruwa. Biskit a shinkafa ne dai har yanzu ban ga hanyarsa ba. Abin da na lura shi ne ba yamutse yake yi ba. Ayaba ba ta taɓa zuwa kusa da albasa, barkono ba ya barin shayi ya shiga wani wuri. Kowane abu da abokin tafiyarsa, kullum shi ne dai. Wa ya aurar da su? Wannan tambayar ta hana ni sakat.

Akwai ɗaya da ban rubuta maka ba, don daga baya na gano shi. Nakan leƙo gida lokacin hutun tara, sai in tarar ya dafa ƙwai ɗaya da kansa, ya ɓare, yana tsomawa a zuma yana ci. Shi wannan daban yake. Sauran da fara'a yake cin su, wannan kuwa yana ci yana yamutsa fuska kamar mai shan magani, amma ba ya fashi ko rana ɗaya. Shi ne ya fi ba Yaya tsoro. Ya ce mai hankali ba ya tilasta wa kansa abin da ba ya so alhali ba likita ne ya ce ba.

Rashin shagon na cin Baba. Ya kwance agogon bangona sau uku ya mayar. Ya aro na maƙwabciyata, wanda ba abin da ya same shi, shi ma ya kwance. Jiya ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da ya saba fita, na same shi zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa da hula a kai, hannayensa a kan gwiwa ba abin yi. Ni ce na kasa cin abinci ranar.

Alkawarin Mama ina girmama shi. Amma ka fi ni saninta, kuma na tabbata don ta kare shi ta ɗora maka. Kana ganin za ta yarda a rufe masa shago don kada a buɗe masa faranti?

'Yarka,
Auta

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye ka. Mu muna nan lafiya.

Yau kwana ashirin da uku da na aika maka, kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu na makaranta, har abokan aiki sun fara tambayata ko saurayi na yi. Idan maganata ta ƙarshe ce ta yi tsauri, ka yafe mini, ba raini ba ne. In kuma ka yanke ba za ka faɗa ba, ka rubuto layi ɗaya ka ce a'a, in san inda na tsaya. Saura kwana tara. Yaya har ya sa an yi wa ɗakin da zai sa Baba fenti, ya turo mini hoto. Ɗaki ne mai kyau. Tagarsa ɗaya, ba a ganin komai ta cikinta sai rufin wasu gidajen.

Auta

*

Auta 'yata,

Wa alaikumus salam. Ba fushi ba ne. An cire mini yanar ido, aka rufe mini shi, aka hana ni karatu kwana da kwanaki. Takardunki biyu suna ƙarƙashin matashi, na ƙi ba kowa ya karanta mini don sirrin gidanku ne. Jiya aka sake ni. Yanzu ina ganin har tururuwa a bango, na kuma ga na yi miki rashin adalci. Ki yafe wa tsoho.

Na yi wa mahaifiyarki addu'a, na nemi afuwarta. Ga magana.

Muna 'yan shekara ashirin muka samu aikin dako a siton tashar jirgin ƙasa. Kaya na sauka daga tarago, mu ɗauka mu jera. Akwai dokar siton: duk abin da ya fashe ko ya lotse har mai shi ya ƙi karɓa, mai kula da sito ya bar wa 'yan dako. Mu kuwa ba ma girki, mai gidan da muke haya ya hana kunna wuta a ɗaki. Saboda haka abin da ya fashe ranar, shi ne abincin ranar. Ba mu ke zaɓa ba.

Kin tambayi wa ya aurar da su. Faɗuwa ce ta ɗaura auren. Ranar da igiyar ɗaga kaya ta tsinke, akwatin kifin gwangwani ya faɗo a kan nonon ayaba goma sha ɗaya. Mako guda muka yi muna cin su safe da yamma. Mu biyar ne, huɗu muka rantse ba mu ƙara kallon ayaba, shi kuwa a rana ta takwas ya je kasuwa ya sayo da kansa. Daga nan sunan ya kama shi. Albasa da sukari ruwan sama ne ya doke su a tarago ɗaya mai yoyo. Biskit kuwa kwalayensa ne suka murƙushe a ƙarƙashin buhun shinkafa da ya yage, garin ya shige cikinta ba rabawa, muka kai wa mai abinci a bakin tasha ta dafa mana haka nan. Barkono da ganyen shayi ni na yi wannan ɓarnar, na jingina buhu a kan ƙusa ya tsiyayo cikin akwatin da ke buɗe. Har yau bai san ni ne ba, kada ki kuskura ki gaya masa. Zagayen faranti kuma da sana'a ya zo, tun watan da ya fara koyon gyara wurin wani tsoho a bayan tashar.

Mu mun bar abincin nan ranar da muka bar sito. Shi harshensa ya ƙi bari.

Wata biyu da aurensu 'yan'uwan mahaifiyarki maza suka zo cin abincin rana, ina wurin. Ya manta kansa ya farfasa biskit a shinkafa. Suka yi dariya har ɗaya ya ƙware, babbansu ya ce ashe ƙanwarsu kwandon shara ta aura. Ubanki ya ajiye cokali, bai ƙara ɗagowa ba. Da suka tafi ta tare ni a bakin ƙofa, idonta jajur, ta ce daga yau ba wanda zai sake yi wa mijinta dariya a kan abinci, ko da 'ya'yan da za ta haifa ne. Tiren nan da farin ƙyalle daga ranar suka fara.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙwai da zuma ban san shi ba. Zuma ba ta taɓa bi ta sitonmu ba. Ƙwai kuwa Gwangwani ba ya ci, ko ƙarninsa ba ya so, in ana soyawa fita yake. Na juya abin ta kowace fuska ban samo masa asali ba. Na so in yi shiru a kansa, amma kin ce gaskiya kike nema. Kin ga na rubuta wannan ɓangaren a takarda daban, don in kin ga dama ki nuna ta farko ki riƙe ta biyu. Ba zan ce miki yi ko bari ba, ke ce kike ganinsa kullum.

Ki rubuto mini duk yadda aka yi. Yanzu ina da idon karantawa.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa idon haske. Muna lafiya. Takardarka ta iso ana gobe za mu je, da ta ƙara kwana ɗaya da sai dai labari.

A tsaye na karanta ta. Na yi dariya a wurin igiya, na yi kuka a wurin Mama. Takarda ta biyu kuwa na ninke ta na cusa a aljihun jaka na ciki, na ce ba mai ganinta. Da safe a mota na ciro ta na haɗa da ta farko. Na ga in na ɓoye alhali ciwon gaske ne, ni ce na cuce shi.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta tambayi Baba rana da wata, ya faɗa. Ta ba shi kalmomi biyar ya riƙe, daga baya ya mayar mata ba kuskure. Sai ta ce ya zana fuskar agogo ya sa ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Kawu, da ka ga kallon da ya yi mata! Ya zana har da hannun daƙiƙa, sannan ya nuna na bangonta ya ce yana baya da minti huɗu, kuma ba batir ba ne, datti ne.

Daga nan Yaya ya fito da waya, ni kuma na miƙa takardunka duka biyu. Likita ta nemi izinin Baba ta karanta a fili. Ka yafe mini, asirin ƙusa ya tonu. Baba ya ce in gaya maka ya sani tun ranar, rigarka duk barkono ce. Ya kuma ce nonon ayaba goma sha uku ne, ba sha ɗaya ba. Yaya ya saki baki yana kallonsa. Bai taɓa sanin ubansa ya yi dako ba, ni ma sai a takardarka na sani.

Sai aka karanta takarda ta biyu. Yaya ya nemo hoton ƙwai a cikin zuma ya ajiye a gaban Baba. Ba da gadara ya yi ba. Ya ce, "Baba, wannan fa? Kawu ma bai san shi ba. Ba ka cin ƙwai."

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Sannan ya ce, "Wannan abincin uwarku ne."

Ya ce ranar da baƙin nan suka tafi ta kawo masa tire ta rufe ƙofa, ya ƙi ci, kunya ta hana shi ko a gabanta. Sai ta fita ta dawo nan take da dafaffen ƙwai da zuma a ƙaramin kofi, ta tsoma ta ci yana kallo. Ta ce ita ma tun tana yarinya take yin haka a ɓoye, kowa da nasa, ya ci abinsa. Tun daga ranar tana cin nata yana cin nasa. Mamar da ke buge mana hannu in mun tsoma burodi a ruwa! Ya ce shekara arba'in da ɗaya tana yi masa tayi yana cewa Allah ya kiyaye.

Likita ta tambaye shi a hankali, to me ya sa yanzu yake ci tunda ba ya so.

Ya ce, "Ina so in ji abin da take ji ne. Ban taɓa tambayarta ba, na ɗauka akwai lokaci." Ya mayar da tabarau. "Har yanzu ban gano ba."

Likita ta rufe fayil, ta ce ba ta ga abin da zai hana shi aiki ba, ya dai rage gishiri. Muka sauko wurin ajiye motoci. Can Yaya ya durƙusa a kan siminti da kayan aikinsa masu guga, ya miƙa mabuɗin da hannu biyu. Baba ya karɓa ya sa a aljihu, ya dafa masa kai, ya ce ya tashi mutane na kallo, kuma in zai kai shi shago ya yi sauri, akwai agogon wata mata da ya yi wata biyu a buɗe a kan tebur.

Ya koma aiki tun ranar, kwana kuma yana nan wurina. Jiya Asabar da hantsi na bi shi shago da ƙwai biyu da 'yar kwalbar zuma. Ya ture kayan aiki gefe, muka ɓare, muka tsoma. Kawu, ni da na cinye ayaba da kifi, wannan ya fi ƙarfina, sai da na runtse ido na haɗiye. Da na buɗe na ga yana kallona.

Ya ce, "Yaya kika ji?"

Na ce, "Baba, ba daɗi ko kaɗan."

Ya juya ragowar nasa a hannu. Ya ce, "Ke da kika gado harshenta a komai." Can kuma ya ce, "Auta, anya ita ma ta taɓa jin daɗinsa? Ranar da ta fara kawo shi fa ko minti ɗaya ba ta yi a kicin ba. Ƙwan ma na baƙin ne da ya rage."

Ya tsoma ragowar har zuma ta rufe shi, ya cinye, ya ce gobe ma in kawo.

'Yarka,
Auta